Yadda Aka Laƙa Mini Mai Otal a Kibiya

Har yau idan na bi ta bakin tasha akwai masu nuna ni da baki suna cewa ga Mai Otal can. Yawancinsu ba a ma haife su ba lokacin da abin ya faru, tasowa suka yi suka tarar da sunan. Ku ma kun sha shi a Islamiyya, na sani, musamman ke Rabi, da kika dawo gida wata rana da hijabi a yage kika ƙi gaya mana da wa kika yi faɗa. Shekaru na ja bakina na yi shiru saboda mahaifiyarku ta roƙe ni. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma gwiwa ta fara ƙin kai ni masallaci, don haka zan faɗa muku yadda aka yi. Wanda ransa ya ɓaci, shi ya sani.

Asalin abin wata tafiya ce da na yi Indonesiya, ba da jimawa ba bayan soja sun koma bariki. A lokacin ina da motoci biyu ina jigilar hatsi da albasa daga Kibiya da Rano zuwa Kano, kuma akwai wani attajiri a kasuwar Kwari da nake ɗaukar wa kaya tun ina yaron mota. Shi ke zuwa can yana saro takalman roba da zannuwan maza da dardumar salla. Shekarar nan ciwon ƙafa ya matsa masa, sai ya ce in raka shi in riƙe masa jaka, tunda na ɗan taɓa boko. Muka gama da Jakarta, amma sauran kayan suna wani gari na bakin teku da ake ce wa Surabaya, kuma daga can za a loda su a jirgin ruwa. Ya ce shi ba zai iya zaman jirgin ƙasa ba, in je in tsaya a kan kayan har a rufe kwantena.

Na sauka garin da hantsi, cikin wani irin zafi mai ɗanko wanda ko a inuwa ba ya sakin mutum. Otal na farko da na shiga, saurayin da ke kan kanta ya tarbe ni da murmushi har sai da na miƙa fasfo. Yana ganin koren bango ya turo mini abina da ɗan yatsa, ya ce babu ɗaki, alhali ga makullai rataye a bayansa reras. Na biyu ma haka. A na uku ko ƙofar ba a bar ni na ƙetare ba. Daga baya na gane dalili: wasu 'yan ƙasarmu sun riga mu zuwa da hodar iblis haɗiye a cikinsu, sun ɓata mana suna. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ko a ranar na yi musu uzuri ɗaya, cewa ba su san ni ba, ba su san ubana ba.

Wani tsoho mai keken ɗaukar fasinja, irin wanda fasinja ke zama a gaba mai keke yana tuƙawa daga baya, shi ya ga ina ta zagaye da jaka a ka. Ya nuna hulata, ya ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, na gyaɗa kai. Ya kai ni wata tsohuwar unguwa ta Larabawa kusa da wani babban masallaci, muka kutsa wani lungu da ko mutum biyu ba sa jerawa, ya tsaya a ƙofar wani gida da takalma ke jere a waje. Mai gidan wata dattijuwa ce 'yar mitsitsiya, kowa na ce mata Ibu. Na daɗe ina zaton sunanta ne, ashe uwa kawai suke nufi. Ta dubi fasfon, ta dube ni, ta dubi ƙafafuna da suka yi futu-futu, sai ta nuna mini in cire takalmi in shigo. Ɗakin bai fi shagon mai shayi ba: katifa, fanka, da ƙusa ta rataye riga. Amma a share yake tas, kuma kowace safiya za ka tarar da shayi mai zafi a bakin ƙofa. Ma'aikatan jirgin ruwa ke kwana a wurin, da ƙananan 'yan kasuwa, da masu ziyara daga ƙauyuka. Mata suna sama kusa da ɗakinta, maza muna ƙasa. Da na tashi salla na fuskanci inda rana ke fitowa kamar yadda na saba tun ina yaro, sai ta zo ta kama bakin dardumata ta juya ni zuwa yamma tana dariya, ta nuna mini wata kibiya da aka zana a rufi. Ashe na wuce Makka ban sani ba.

Lodin kayan ya ja lokaci, kuma ana cikin haka zazzaɓi ya kayar da ni. Matar nan da ba ma jin yaren juna ita ta riƙa dama mini kunun shinkafa da citta, ta kira wani maƙwabcinta mai jin Larabci ya raka ni wurin likita, ta hana ma'aikatan jirgin kunna rediyo a ƙofata. Ranar da zan tafi na rasa bakin godiya. Abin da na iya ce mata shi ne jazakillahu khairan, ta amsa da amin.

Kai Usman, tunda na ji kana zancen fita waje saro kaya, riƙe wannan. Kada ka yarda da ɗaki sai ka gan shi da idonka ka kunna fankar. In damina ce nemi na sama, don lungunan garin bakin teku ruwa na shiga. Ku gama ciniki da mai keke kafin ka hau. Ci abinci inda ka ga 'yan dakon tashar jirgi sun yi layi, can ne mai zafi kuma mai sauƙi. Kwamin ruwan da za ka gani a banɗaki ba shiga ake yi ba, ɗiba ake da moɗa, ni sai da na ji kunya kafin na gane. Kuma ko wanda ya yi maka sallama da Hausa ne, ko ya ce shi ɗan Rano ne, kada ka karɓi ƙunshin kowa.

Na dawo gida, sai idona ya buɗe a kan abin da na saba gani ban taɓa kulawa ba. Duk jajiberin kasuwa tashar Kibiya cike take da mutanen da ba su da wurin sa haƙarƙari. Masu sayen hatsi daga Kudu suna kwana ƙarƙashin manyan motoci. Mata daga ƙauyuka da goyo suna raɓewa a rumfunan mahauta, sauro na cin 'ya'yansu. Da can ba haka garin yake ba. Kakanku fatoma ne, zaurensa ba ya rabuwa da fatake da jakunansu, kakarku kuma ba ta taɓa tuƙa tuwo daidai bakin mutanen gida ba. Saboda haka masu cewa wai na kwaso al'adar wasu na kawo, ƙarya suke yi. A can aka tuna mini da abin gidanmu.

Na sayar da mota ɗaya, na gina ɗakuna a filin gadonmu da ke manne da gida, bayan tasha. Ɓangaren maza ƙofarsa na kallon titi. Ɓangaren mata kuwa ba shi da ƙofar waje ko ɗaya, sai an bi ta tsakar gidanmu, ta gaban murhun mahaifiyarku Hajiya Dije. Ko miji da mata ne suka zo, raba su muke yi. Na sa aka rubuta Masaukin Baƙi a bango. Ranar buɗewa malaman unguwa suka zo suka yi addu'a, aka ci waina. Lokacin nan ana tsakiyar murnar Shari'a, kuma ku sani ni ma ina cikin masu murnar. Da motata na kwashi mutane kyauta zuwa Kano ranar da aka taru dominta, na dawo da muryata a dishe saboda kabbara. Ba wanda zai koya mini son addinina.

Wurin ya yi shekara biyu yana tafiya lafiya kafin guguwar zaɓe ta taso. Akwai wani Bala Dogo, dillalin taki ne, ya fito neman kansila. Shi ɗin nan, lokacin bikin 'yarsa, a ɗakunan nan na sauke masa dangin ango kyauta. Ya same ni da yamma ina duba tayar mota.

"Alhaji, ɗakunan nan naka nake so, na wata guda. Akwai yarana da za su zo daga birni."

"Waɗanne yara?"

"Masu taya mu aiki mana. Ka san harkar."

Na san harkar. Na ga irinsu a Rano, idanu jawur, gora a hannu, kwalaben maganin tari a aljihu.

"Bala, bayan bangon nan matan mutane ke kwana, ga iyalina. Ba zan iya ba."

"Ko don na ga ba jam'iyyarmu ɗaya ba?"

"Ko ɗan'uwana ne ya kawo su ba zan ba shi ba."

Ya yi dariya, ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce ba komai, Allah ya bar zumunci.

Ba a yi nisa ba na fara jin kalmar otal. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane nauyinta a wancan lokacin ba. A kunnen mutanenmu otal gidan giya ne da matan banza, irin waɗanda ake ta rufewa a birni ana fasa kwalabe. Masu shayi suka ɗauka, 'yan acaɓa suka ɗauka. Aka ce na je ƙasar waje na koyo sana'a. Aka ce ana ganin mata suna shiga gidana da magariba, wanda gaskiya ne, ta ina kuma za su shiga? Sai wasu 'yan unguwa suka kafa abin da suka kira kwamitin gyaran tarbiyya. Ba hukuma ce ta naɗa su ba, ba malamai ba, su suka naɗa kansu, kuma Bala ne ya saya musu tabarmi da fitila. Saƙonsu na farko gare ni shi ne kada in sake sauke macen da ba ta zo da muharrami ba. Na so in yi gardama, amma wana, Yaya Sale, ya ce in bi su a hankali har zaɓe ya wuce. Na ce to.

Ranar da abin ya fashe, ruwa aka tafka tun azahar. Wajen la'asar sai ga wata Bafulatana a ƙofar zaure, jiƙe sharkaf, da yaro a kafaɗa wanda wuyansa ya saki. Daga wata ruga take, can bayan Tarai. Asibitin Rano za ta kai shi, mijinta ya tafi da shanu kudu, direbobi kuma sun ce ba mai taɓa hanyar sai ruwa ya janye. Tawa motar tana Kano. Wani a tasha ne ya nuno mata gidana. Ina tsaye ina dubanta, ina kuma hango biyu daga 'yan kwamitin a rumfar mai shayi sun zubo mana ido, sai mahaifiyarku ta leƙo daga soro.

"Alhaji, me ake jira?"

"Kin san saƙon da aka aiko."

"Na sani. Yaron nan shi ma an aiko masa saƙon?"

Ta wuce ni ta karɓi yaron daga kafaɗar uwar, ta ce mata, "Shigo, 'yar'uwa, kula da santsi." Ni kuma na je na ɗauko makulli a gaban idon masu kallo, na shiga na buɗe ɗakin da kaina, don kada gobe a ce a ɓoye aka yi. Mahaifiyarku ta ba ta busasshen zane, ta hura gawayi, ta yi ta shafa wa yaron ruwa har jikinsa ya ɗan sauka. Gari na wayewa na samo mota ta kai su Rano.

Kwana biyu bayan haka aka kira ni zaman kwamiti. Na tarar da zauren da suke taruwa cike, har da mutanen da suka ci wainar buɗe wurin. Yaya Sale na gefe, kansa a sunkuye. Bala na zaune yana ta jan carbi. Wani matashi da na taɓa biya wa kuɗin makaranta shi aka sa ya yi magana.

"An gargaɗe ka, ka take. Mace ta kwana a otal ɗinka ba muharrami."

"Ba otal ba ne. Kuma a hannun matata ta kwana, da ɗanta ba lafiya. Ku aika Rano ku tambaya, suna can a kwance."

"Mu ba asibiti muka zo bincike ba."

"To, ku gaya mini, a ina ya kamata ta kwana? A rumfar mahauta, cikin maza? Can ne Shari'a ta ce?"

Sai wata murya daga baya, har yau na san mai ita, ta ce:

"Ai dama kowane irin gidan nan da magajiyarsa. Shi ya sa aka bi da ƙofar ta ɗakinta."

Magajiya, wato shugabar karuwai. Mahaifiyarku ake nufi. Matar da ta sauke Alƙur'ani kafin a kawo ta gidana, wadda ko bakin titi ba ta taɓa tsayawa ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ji na yi Yaya Sale ya riƙe mini riga ta baya. Na tsaya ina jiran dattijo ɗaya, ɗaya tak, ya ce kai, wannan magana ta yi yawa, a nemi gafara. Zauren nan akwai waɗanda ta yi wa matansu unguwarzoma. Kowa ya dubi tabarma.

A hanyar gida Yaya Sale ya ce, "Ka rufe wurin nan, Ilu. Sunan Baba ake ja a ƙasa."

Na ce, "Yaya, sunan Baba ne ya dame ka? Baban da ya sauke baƙi har ya mutu? Matar ƙaninka aka zaga a gabanka, ko tari ba ka yi ba."

Ya ce shi mai iyali ne, kuma takinsa na bana a hannun Bala yake. Aƙalla shi ya faɗi gaskiya.

Ban yi niyyar rufewa ba. Wani abokina da ya san shari'a ya ce in kai ƙara gaban alƙali, ƙazafi ne ƙarara, kuma hukuncinsa a rubuce yake. Na shiga na gaya wa mahaifiyarku, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Wato in je in tsaya gaban jama'a, a tambaye ni ko ni magajiya ce, in ce a'a?"

"Za a wanke ki, Dije."

"Wanda bai ji ba ma sai ya ji. Ina da 'ya'ya mata, Alhaji. Rufe. Kuma don Allah kada ka ƙara tayar da zancen."

Na rufe. Na fitar da katifun na raba wa maƙwabta, na sa farar ƙasa na shafe rubutun bangon da hannuna. Motar da na sayar ba ta dawo ba, kuma daga nan harkata ba ta ƙara miƙewa kamar da ba. Bayan wasu makonni sai ga mijin Bafulatanar da ƙwaryar man shanu, ya zo godiya, yaron ya tashi. Da ya ji abin da ya faru ya ce a kai shi wurin mutanen ya yi musu bayani. Na kai shi. Suka ce magana ta riga ta wuce. Zaɓe na ƙarewa kwamitin ya watse, tarbiyya ta gyaru ke nan. Mata suka koma kwana a rumfar mahauta, ban kuma ji wanda ya kira zama a kan haka ba. Bala ya ci kujerarsa. Ranar Idi ya tare ni ya kama hannuna da hannu biyu, yana fara'a.

"Alhaji, ai siyasa ce. Ta wuce."

A wurinsa ta wuce. Ga abin da ya rage a gidanmu. Kun san tun kafin a haifi yawancinku mahaifiyarku ce ke wankan gawar mata a unguwar nan. Ba ta karɓar ko sisi, kuma ko tana tsakiyar tuƙin tuwo aka aiko, sauke muciya take yi ta tafi. Bayan rufe masaukin, sai Iya Abu ta rasu, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri ta saman bango. Muna jin kukan farko mahaifiyarku ta tashi ta daka ganyen magarya, ta haɗa sabulu da turare a ƙwarya, ta yafa mayafi, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana jiran a aiko. Rana ta ɗaga. Ina zaune a soro na ga an wuce da wata mata daga wata unguwa, an shigar da ita gidan. Na kasa shiga in gaya mata. Tana nan zaune har muka ji an fito da makara. Sannan ta cire mayafin ta ninke, ta ce Allah ya jiƙan Iya, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share da safe. Daga ranar har ta bar duniya ba a ƙara kiranta ba, ita kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Da nata lokacin ya zo, ku 'ya'yanta mata kuka wanke ta da hannunku yadda ta koya muku. Unguwa ta cika gidan nan. Matan da suka daina aiko mata suka zauna suna cewa Hajiya Dije mutuniyar kirki ce, ba ta da abokin faɗa. Mazan da suka dubi tabarma a zauren nan suka jeru suna miƙo mini hannu, wasu har da cewa a yafi juna. Na karɓi gaisuwarsu, don addini ya ce in karɓa. Abin da aka yi mini ni, na motar da na ɗakunan da na sunan, na bar wa Allah. Amma wancan haƙƙin nata ne, ba ni da ikon yafe shi a madadinta, kuma ni dai ban ji ta yafe ba.